Burtalin da Ya Rame a Taswirata

Shekarun baya, ina koyarwa a firamare, aka tara mu bita a Jega, malaman Jega da Aliero da Maiyama. Ana so mu riƙa fita da ɗalibai su san filayen jama'a, daji da mashaya da burtalin shanu, su koyi kiyaye su. Aka ce wanda ya fi ƙoƙari shi zai riƙa horar da sauran malamai. Ni kuwa na riga na ba kaina kujerar, har na ɗinka sabuwar shadda.

Akwai abokina, malami a Danwarai, wanda Turancinsa ma sai a hankali. Amma da muka shiga daji wajen Giwa Tazo, babu itacen da bai san sunansa da amfaninsa ba. Mai horar da mu sai binsa take tana rubutawa. Wallahi abincin rana ma kasa ci na yi.

Aka ce kowa ya zano burtalin garinsu. Na sayi kwali da kaloli, na zuba gwaninta. Sai dai mahaifina ya daɗe da shigar da gonar albasarmu cikin burtalin, don haka na matse wurin a zane, kamar haka Allah ya yi shi.

Da na gama bayani, matar ta tambayi abokina, tunda ya yi kiwo ta wajenmu yana yaro, ko zanen ya yi daidai. Ya daɗe yana duban kwalin, ya ce, "Malam ya yi ƙoƙari ƙwarai."

Sai da muka fito salla ya ja ni gefe. "Malam, burtalin ga naka ya rame wajen gonar Baba. Mi ya same shi?"

Shi aka zaɓa. Na tafa tare da kowa, ina jin kamar in shaƙe shi. Da ya tona ni a gaban mutane, da na samu dalilin ƙinsa, amma ko wannan ya hana ni.

Damina biyu na yi ina lallashin mahaifina kafin ya janye gonar. Yanzu can nake kai ɗalibaina, in nuna musu iyakar. Na gane ba iliminsa ya fi ƙona mini rai ba. Har yau in na ga shanu na wucewa ta wurin, suturar nan da ya yi mini nake tunawa, kuma da ni ne, ban tabbata zan iya yi masa ba.