Kulocin Basfar Baba

Shekarun baya, lokacin mahaifina bai daɗe da ajiye aikin gwamnati ba, akwai wata tsohuwar basfa ruwan toka da yake hawa, wadda ta girme ni a gidanmu na Ƙofar Kaura. Da ita ya yi ta zuwa ofis har ya yi ritaya, da ita kuma ya koma zuwa gonarsa ta wajen Batagarawa. Ni da yayyena mun sha yi masa tayin mota, kullum amsarsa ɗaya ce, wai shi bai ga laifin da basfar ta yi masa ba.

Ga wanda bai taɓa hawan basfa ba, hannun hagu ne ke ɗauke da wahalarta. Da shi za ka matse kuloci, da shi kuma za ka murɗa ka sa giya, duk a lokaci guda. In kulocin ya yi tauri, tafiyar ba ta daɗi.

Wata Asabar na je gaishe su, mun gama gaisawa ke nan sai Baba ya ce kulocin mashin ɗinsa ya yi tauri, in duba masa. Ni malamin makaranta ne, ba bakanike ba, amma tun ina sakandare nake da ƙaiƙayin hannu. Rediyo, fanka, keken ɗinkin mahaifiyata, babu wanda ban kwance ba, wasu ma har sun koma suna aiki. Shi ya sa a gida ake ce mini injiniya, ni kuma na ɗauki abin da gaske.

Na matsa hannun kulocin, ni dai ban ji wani tauri ba. Amma tunda Baba ya faɗa, sai na ce wataƙila wayar ce ta bushe. Na zare ta, na wanke da fetur, na shafe ta da giris, na mayar. Da mako ya zagayo ya ce har yanzu da sauran tauri. Na sayo sabuwar waya na sa. Ya ce kamar ma an ƙara. Na canza hannun kulocin ɗungurungum, na ɗiga mai a mahaɗarsa. Ya hau ya zagaya unguwa, ya dawo yana girgiza kai.

Daga nan abin ya zame mini gasa tsakanina da ƙarfe. Na tura mashin ɗin wurin wani abokina da muka yi firamare tare, wanda ke gyaran babura a bakin titi. Muka cire tayar baya, muka buɗe kulocin, muka baje kayan cikinsa a kan kwali. Faifan kulocin ba su cinye ba, sifirin-sifirin ɗin da ke danne su ma lafiyarsu lau. Muka yi ta juya su muna neman laifi, ba mu samu ba. A ƙarshe muka yanke shawarar sa wasu sifirin masu laushi, don hannun ya yi sauƙin matsawa. Mu duka mun san cewa in suka yi laushi da yawa kulocin zai riƙa sulluɓewa idan an ɗora kaya, amma muka ce ai Baba shi kaɗai yake hawa, a gwada a gani.

Ranar da na kai masa, ya matsa ya yi murmushi, ya sa mini albarka. Na koma gida ina jin kaina.

Lokacin kaka ne. Ba a jima ba ya je gona ya ɗauro buhun masara a baya. A hanyar dawowa injin ya riƙa kuka mashin ba ya ja, har ƙauri ya fara tashi, ya tsaya cak. Dattijo ya sauka ya yi ta turawa cikin rana, sai da wani mai a-kori-kura ya tausaya masa ya ɗauko su shi da mashin da buhun. Mahaifiyata ce ta kira ni a waya. Na iske shi zaune a zaure, ƙafafunsa duk ƙura. Bai yi mini faɗa ba, bai ma ɗaga maganar ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Washegari na mayar da sifirin ɗin asali, na sa sababbin faifai tunda waɗancan sun ƙone. Abin da ya rage shi ne saita wayar daga ƙasan injin, kuma wannan sai da mutum biyu: ɗaya yana matsa kuloci yana saki a sama, ɗaya yana ɗaure noti a ƙasa. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na kwanta, na roƙi Baba ya riƙe mini. Ina cewa a matsa, yana matsawa, ina cewa a saki, yana saki.

Can na zamo da baya don in ɗauki filaya, sai idona ya kai sama. Baba yana tsaye, ya miƙo hannunsa na dama ya riƙe kulocin da shi. Na hagun yana saye a gefen rigarsa, yatsun a ɗan lanƙwashe.

Na koma ƙarƙashin mashin ɗin na yi ta ɗaure notin da ya riga ya ɗauru, don ban san da wace fuska zan fito ba. Da na ga kwanciyar ba za ta yi mini magani ba, na miƙe na goge hannuna, na miƙa masa, na ce ya kama ya matse. Ya kama da dama ya matse da ƙarfinsa na da.

Na ce, "Baba, da ɗayan."

Ya ɗago shi a hankali. Yatsun suka zagaye tafina, na ga jijiyar wuyansa ta tashi don ƙoƙari, amma abin da ya iso hannuna bai fi a ɗora maka ƙyalle ba.

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun tsakiyar damina, wata safiya ya tashi ya ji hannun ya yi nauyi, ya ɗauka danne shi ya yi cikin barci. Na ce to mi ya sa ya bar ni ina ta kwance mashin ina ɗaurawa. Ya zauna a kan turmi, ya kalli basfar, ya ce, "Ni ma so nike a ce mashin ɗin ne."

Mahaifiyata, ashe, ta daɗe da sani. Ta ga buta tana suɓuce masa wajen alwala, ta ga yadda yake fama da maɓallin riga, amma ya hana ta faɗa wa kowa. Ta ce ita ce ma ta ba shi shawarar ya sa ni duba mashin ɗin, da fatan in na matso kusa zan gani da idona. Ta ƙara da cewa ba ta zaci injiniyan nata zai daɗe haka ba.

Da ƙyar ya yarda muka je asibiti, bisa sharaɗin kada abokan majalisarsa su ji. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa shi kaɗan, irin wanda ke zuwa kafin babbar shanyewar jiki, kuma Allah ya taimaka da aka zo. Aka ɗora shi a kan magani, aka riƙa yi masa gashin hannun, aka ba shi ƙwallon roba yana matsawa. Hannun ya dawo har yana riƙe buta da kofin shayi, amma bai koma iya kuloci ba. Muka saya masa roba-roba, wadda ba ta da kuloci a hannu, da ƙafa ake sa mata giya. Ya ce mashin ɗin mata ne, ba zai hau ba. Ta yi ta zama a zaure, har wata Juma'a muka duba ba mu gan ta ba, shi ma ba ya nan. Can sai ga shi ya dawo a kanta.

Na sha tuna wannan abu. Iyayenmu ba su saba cewa sun gaza ba, musamman a gaban 'ya'yan da suka goya. Sai su ce rediyon ne ya rage murya, ko matakalar masallacin ce aka yi ta da tsawo. Ba ƙarya suke yi ba, iyakar abin da bakinsu zai iya furtawa ke nan, kuma a lokacin su ma suna fatan hakan ne gaskiya. Na koyi cewa ka karɓi abin da suka miƙo maka ka gyara da zuciya ɗaya, amma kana yi kana ɗaga kai kana duban mai shi.

Kwanakin baya mahaifiyata ta fara ƙorafi wai alluran yanzu ba a yi musu kafa mai kyau. Na sayo mata wasu, na zauna kusa da ita ina kallo tana ta auna zare yana wucewa ta gefe. Na taya ta zagin masu yin allura. Da safe na dawo na ce ta daure ta raka ni asibitin ido, nawa ne ke yi mini ƙaiƙayi. Ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta ce in jira ta ɗauko mayafi.