Ranar da aka auna mini taya da gawayi

Shekarun baya can, lokacin ina jigilar fasinja tsakanin Kibiya da Rano, tayata ta gaba ta hagu ta fashe. Na je na ɗauko ta gwanjo. Ni lambar wili, wato ƙarfen da ake sa wa roba, kawai na sani. Na duba, sha huɗu ce, na ɗaura. Sauran lambobin da ke jikinta na ɗauka ado ne.

Tun daga ranar mota ta fara jan hagu. In na taka birki sai ta nufi gonar mutane kamar akuya ta hango dawa. Bakanike ya duba ƙafa, ya duba sitiyari, ya ce lafiya ƙalau. Ni kuwa na yanke cewa hannu aka sa mini. Har rubutu na karɓo na yayyafa mata. Ku yi dariya, na cancanta.

Wata ranar kasuwa na kusa zubar da Fulani mata shida da ƙwaryar nononsu a kwalbati wajen Nariya. Shugaban tasharmu ya kira ni.

"Ko ka gyara kafin kasuwa mai zuwa, ko mu cire ka daga layi. Ba za ka kashe mana mutane ba."

Motar nan kuwa ita ce tuwon gidana.

Wani abokina ya kai ni wurin wani tsoho mai faci a Rano. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce in kwance tayoyin gaba.

"Baba, duk sha huɗu ne fa."

"Kai da wa kuka auna? Kwance, ɗan nema."

Ya ɗauki gawayi ya ja layi a ƙasa, ya jera su a kai, ya yi wa kowacce zane a inda ta taɓa ƙasa. Ya gangara su har zanen ya zagayo. Ta dama ta wuce sabuwar da faɗin tafin hannu har da ɗori.

"Juyi ɗaya kenan," in ji shi. "Daga nan zuwa Kibiya juyi nawa ne? Ka sa mai gajeriyar ƙafa gudu, kana mamakin ya karkace."

Na ce to ai wilinsu ɗaya. Ya jawo wani wili sha biyar mai siririyar roba ya gangara shi. Wallahi inda tayata ta dama ta tsaya, nan ya tsaya.

"Titi bai san ƙarfen ciki ba," ya ce. "Tsayin gaba ɗaya ya sani, ƙarfe da roba."

Ya lalubo mini sa'ar ta dama. Ranar kasuwa shugaba da kansa ya zauna gaba. Na ɗauki gudu na taka birki, ta tsaya cak a miƙe. Ya leƙo ta taga ya ce, "A yi masa lodi."

Na ga mutane iri-iri a titi, na gaji da masu cika baki. Amma tsohon nan ko lambar jikin taya ba ya iya karantawa, kuma abin da ya faɗa daidai yake da abin da aka rubuta a kanta. Allah mai ajiye ilimi inda ya so. Ya rasu yanzu. Shekara da shekaru ina wucewa ta rumfarsa ina masa hon, ban taɓa tsayawa na tambaye shi wa ya koya masa ba.