Iyakar Gidan Baba a Nuzla

Jiya ma'aikacin baladiyya ya zo auna gidanmu, wai za a faɗaɗa titi. Ya nemi lambar fili, na miƙa masa tsohuwar takardar Baba. Babu lamba a ciki. An dai rubuta: gabas darbejiya, yamma rijiyar masu jakai, tsawon kuma da kamun hannu.

Duk Juma'a Baba kan zagaya gidan, rigarsa tana ƙamshin turare, ya dafa darbejiyar ya ce, "Daga nan ne, 'yata. Halas."

An sare bishiyar, an cike rijiyar. Kamun ma, na hannun wa? Na gwada da nawa, na ƙare a tsakiyar shagon maƙwabci.

Allah ya yalwata kabarinka, Baba, yalwar da kamu ba ya aunawa.