Maiwada da Kwarin da Ya Ci Gonarsa

A Tsiga an san Maiwada da hali guda. Idan hadari ya haɗo, kowa na gudu gida, shi sai ya yafa tsohon buhu a ka ya nufi gona. Ba noma yake zuwa yi ba. Tsayawa yake yana kallon inda ruwa ke bi, har sai an ɗauke. Matarsa Ladidi ta yi magana har ta gaji.

Gonar gado ce, tana kan gangare da ke sauka zuwa rafi. A shekarar farin nan ta 1973, da dabbobi suka rame, Maiwada ya sassare itatuwan da ke saman gonar, ganyen ya ba awaki, itacen ya kai kasuwar Bakori. Kowa haka ya yi. Da ruwa ya dawo bayan shekara biyu, bai tarar da abin da zai tare shi ba. 'Yar hanyar da ya fara bi, wadda kaza ke tsallakewa, ta zama kwarin da mutum zai shiga ba a hango hularsa.

A bakin kwarin nan Malam Jimoh ya same shi wata ranar Talata. Malamin gona ne, Bayarabe haifaffen Funtua, yana yawo a babur yana koya wa manoma sa takin zamani. Bayan sun gaisa, Maiwada bai yi tambaya kan taki ba.

"Malam, ƙasar nan tawa da ruwa ke kwashewa, ina take zuwa?"

Jimoh ya kafe babur. Ya sa fartanya ya ɓamɓaro ƙasa gida biyu, ɗaya da ciyawa a kai, ɗaya tsirara, ya jingina su a kan dutse, ya tsiyaya wa kowace ruwa daga buta. Ruwan da ya bi ta kan mai ciyawa ya sauko a hankali, kusan garau. Na ɗayar ya zubo ja wur. Ya ce wannan ita ce zaizayar ƙasa, kuma saiwa ce ke riƙe ƙasa kamar yadda zare ke riƙe riga.

Daga nan hira ta yi nisa. Jimoh ya ce rafi yana kai ruwan zuwa kogi, kogi ya kai shi teku, wanda ya taɓa gani sau ɗaya da ya je Ikko wajen dangin mahaifinsa. Can rana ke dafa ruwan ya tashi tururi, ya zama gajimare, iska ta koro shi arewa ya sake zuba. Ya ce ƙasa da itace da tana da tsuntsu da mutum duk a ɗaure suke da juna, shi ake kira muhalli, ka taɓa ɗaya sauran su motsa.

"Ashe ruwan yana dawowa," in ji Maiwada.

"Ruwan yana dawowa, Baba. Ƙasar ce ba ta dawowa."

Kwana da kwanaki maganar nan tana yi masa yawo a kai. Yakan zauna a inuwa da rana tsaka, ido a lumshe, ya ga jar ƙasar ubansa tana tafiya ƙarƙashin gadoji, tana wuce garuruwan da bai san sunansu ba, har ta kwanta a gindin wani ruwa marar iyaka, kifaye na shawagi a kanta. Idan gajimare ya taso daga kudu, sai ya ji kamar baƙo ne da ya sha zuwa gidansa.

Da rani ya fara jido duwatsu a kan jaki yana jera su a cikin kwarin, layi bayan layi. Ya juya kunyoyinsa suka gitta gangaren. Ya bar karan dawa a kwance a gona, abin da ya ɓata wa Ladidi rai, don da shi take hura wuta. Duk ɗan gawon da ya tsiro ya kewaye shi da ƙaya. Ruwan farko ya watsa duwatsun gaba ɗaya, maƙwabta suka yi dariya. Ya sake jerawa, wannan karon ya dasa ciyawar jema da gamba a bayan kowane layi.

A damina ta uku laka ta fara taruwa. Jimoh bai ga wannan ba, an riga an mayar da shi wajen Malumfashi, kuma ba su sake haɗuwa ba.

A 1984 ruwa ya sake yin ƙaranci, masarar mutane ta bushe a tsaye. Ta Maiwada ma ta sha wuya, amma dawar da ke kan tsohon kwarin ta yi kai, don ƙasar wurin tana riƙe da laima. Ladidi ta shuka kuɓewa da yakuwa a can ƙasa, ta daina zancen kara.

Bayan girbi maƙwabcinsa Sanda, wanda ya fi kowa dariya a da, ya zo da kwando yana sosa ƙeya. Tasa gonar ta fara tsagewa. Maiwada ya durƙusa ya tono masa jema da saiwarta, ƙamshinta ya tashi, ya cika kwandon, suka kama hanya tare don ya nuna masa inda zai fara.