Dalma da Ƙarfe: Rayuwar Seiroku Kuwabara, Maharbin Karigata

Haihuwa da asali

An haifi marigayi Seiroku Kuwabara ranar tara ga watan Maris na shekarar 1938, a ƙauyen Ashinuma da ke bakin tafkin Karigata, cikin lardin Niigata. Sunan mahaifinsa Tokuji, manomin shinkafa ne da damina, maharbin agwagin daji idan sanyi ya shigo. Mahaifiyarsa Haru 'yar masunta ce daga tsallaken tafkin. Shi ne na shida a ɗakinsu, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu, saboda haka tun yana goye aka san wanda zai gaji gona da kwalekwale da bindiga mai baki biyu da ke rataye a ɗakin mahaifinsa.

Karatu da koyon harbi

Ya shiga makarantar ƙauyensu a shekarar 1944, ya kammala ta gaba da ita a 1953, kuma malamansa sun shaide shi da ladabi da ƙarancin magana, amma ba su taɓa zarginsa da son littafi ba. Hankalinsa yana kan ruwa. A zamanin nan tafkin yana da faɗin da mutum ba ya hango ɗaya gaɓar, kuma da an girbe shinkafa agwagi ke saukowa daga arewa har su rufe shi.

Daga wurin mahaifinsa ya ɗauki shirin kakar farauta, wanda ake farawa tun watan Oktoba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A toshe ɓular kwalekwale, a sake wa agwagin katako fenti don su yaudari na gaske, a kafa bukkar ɓuya a cikin ciyawar kacala, a shafe bindiga da mai. Na ƙarshe kuma mafi girma shi ne zaɓen harsashi, wanda kowane ɗaya ke ɗauke da ƙwayoyin dalma masu yawa. Ƙwaya mai lamba uku ta manyan agwagi ce masu koren kai, mai lamba biyar ta ƙanana ce masu saurin tashi, domin iya ƙanƙantar lamba iya girman ƙwaya. An ruwaito cewa Tokuji yakan girgiza harsashi a kunnen ɗansa ya ce, "Kai yaro, bindiga baki ce kawai. Harsashi ne maganar. In ka zaɓi magana marar kyau, kada ka ga laifin baki."

Seiroku ya sami izinin riƙe bindiga a shekarar 1958. Shekara ɗaya bayan haka mahaifinsa ya riga mu gidan gaskiya, bindigar ta koma hannunsa.

Aure

Al'adar maharban Ashinuma ce ba a sayar da agwagwar farko ta kowace kaka, ba a kuma yin kyauta da ita a waje. Ta matar gida ce. Ita za ta fige ta, ta yi romo da lawashin albasa, kuma wanda ya tauna ƙwayar harsashi a cikin naman, an ce shekarar tasa ce.

A watan Nuwamba na 1961 Seiroku ya saɓa wa wannan al'ada da sanin mahaifiyarsa: ya ɗauki agwagwar farko ya tuƙa kwalekwale zuwa ƙauyen Shimokawa, ya ajiye ta a ƙofar gidan Inomata, inda akwai budurwa mai suna Tsuyako. Kowa ya gane nufinsa. Aka dafa, aka zauna ci, sai Tsuyako ta tsaya da tauna, ta fito da ƙwayar dalma a tafin hannunta, shatin haƙorinta ya fito sarai a jiki.

Ta ce, "Af, ashe harsashin ma laushi gare shi kamar mai shi. Wannan ne aka ce ana tsoro a tafki?"

Aka fashe da dariya, shi kuwa kunya ta hana shi ɗaga kai. Da zai tafi ya roƙi ƙwayar, ya kuma yi mata alkawarin cewa muddin yana iya ɗaga bindiga, agwagwar farko tata ce. An ɗaura musu aure a watan Afrilu na 1962. Ita ta ɗinka masa 'yar jaka ta ƙyalle, ya sa ƙwayar a ciki ya rataya a wuya.

Aiki da zuriya

An haifa musu Masanobu a 1963, Kazue a 1966, sai Tomoaki a 1970. A tsakanin waɗannan shekaru hukuma ta zartar da shawarar janye ruwan mafi yawan tafkin domin a ƙara gonakin shinkafa, kuma aikin da Seiroku ya samu a ƙungiyar manoma shi ne kula da injinan da ke zuƙe ruwan. Ya riƙe wannan amana har ya yi ritaya ba tare da an taɓa kama shi da sakaci ba, amma bai taɓa son aikin ba. Yakan tsaya a kan madatsa ya nuna wa 'ya'yansa wata gona ya ce nan ne bukkar kakansu take, can kuma ruwa yana kai wa mutum wuya. Su shinkafa kawai suke gani.

Abin da ya rage na tafkin bai fi kusurwa ɗaya ba, kuma a nan maharba duka suka tattaru. Duk da haka ba a taɓa buɗe kaka ba Tsuyako ta rasa agwagwarta. Mafi yawan shekaru ita ke taunar ƙwayar, har yara suna zargin cewa a kwanonta take ɓoye ta.

Shekarun saɓani

Tun da ruwa ya ragu fararen dinyoyi masu dogon wuya, waɗanda doka ta hana harbi, suka riƙa sauka a gonakin da ke bayan gidansu, Tsuyako kuma ta mayar da watsa musu tsakin shinkafa aikinta na kowace safiya. A watan Janairu na 1990 ta tarar da ɗaya ta kasa ɗaga wuya, ba ta daɗe ba ta mutu, kafin mako ya zagayo wasu sun bi ta. Likitan dabbobi ya tsaga ƙundun ɗaya daga cikinsu a gabanta, ya fito da ƙwayoyin dalma da suka goge. Ya yi mata bayanin cewa duk harbin da aka yi, mafi yawan ƙwayoyin a laka suke faɗawa, tsuntsayen kuwa suna haɗiye su a zaton tsakuwa, gubar ta kashe su sannu a hankali.

Ta koma gida ta zube ƙwayoyin a gaban mijinta.

Ta ce, "Maigida, ga kayanka na tsinto maka. Lamba nawa ce wannan?"

Ya duba, ya ce, "Uku ce. Amma ai ba ni kaɗai ke harbi a tafkin nan ba, Tsuya."

"Kai kaɗai nake aure. An ce akwai harsashi na ƙarfe. Ba kai ke cewa harsashi ne magana ba? To ka sake magana mana."

Ya ce bindigar mahaifinsa ba ta san ƙarfe ba, kuma ba zai koya mata da tsufa ba. Ta ce to ita ma tukunyarta ta daina sanin dalma.

Hali zanen dutse, kuma su biyun duk dutse ne. A watan Nuwamba na wannan shekara ya kawo agwagwar farko kamar kullum, ta gaishe shi da sannu da zuwa, ta ɗora tukunyar kifi. Ya fige abarsa da kansa a bayan gida, ya rasa yadda zai yi da ita, domin al'ada ta hana kyauta, ƙarshe ya binne ta a gindin bishiya. Haka aka yi a 1991, haka kuma a 1992. Ba su taɓa ɗaga murya ba, ba ta fasa wanke masa kayan farauta ba, amma ya yi kewar romon nan matuƙa, kuma ya fi kewar dariyar da ake yi a kansa. Maƙwabta sun lura cewa idan ƙanshin romo ya taso daga wasu gidajen ranar buɗe kaka, yakan sami dalilin zuwa duba injinan ruwa.

Agwagwar 1993

A watan Oktoba na 1993 ya shiga shagon abokinsa Hokari mai sayar da kayan farauta a cikin gari, ya daɗe yana juya kwalaye, sannan ya ce a ba shi na ƙarfe, lamba uku.

Hokari ya ce, "Kai, yau rana ta fito ta yamma! Sarkin taurin kai, an kayar da kai ke nan? To ba uku za ka ɗauka ba. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, sai ka ƙara girman ƙwaya. Ɗauki lamba ɗaya, kuma ka bari su matso kusa kafin ka ja."

"Na ji."

"Ba ka ji ba tukuna. Kada ka kuskura ka sa shi a bindigar Baba Tokuji. Bakinta matsattse ne. Dalma tana lanƙwasa ta wuce, ƙarfe kuwa ba ya ba kowa hanya. Ga wata can ta hannu, ɗauka ka gwada."

Ya karɓi bindigar aron, ya kai ta gida, ya ajiye. Ranar sha biyar ga Nuwamba, ranar buɗe kaka, da rana ta fito, ta mahaifinsa ce a hannunsa, ya ɗura mata harsashin ƙarfen. Daga baya ya shaida wa 'yarsa Kazue cewa duk agwagwar da mahaifiyarta ta taɓa ci daga wannan bakin ta fito, kuma bai ga yadda zai je neman sulhu da bakin aro ba. Wani mai koren kai ya karkato kan agwagin katako, ya bari ya matso, ya ja. Tsuntsun ya faɗo. Da ya duba bindigar sai ya ga ta kumbura kusa da baki kamar maciji ya haɗiyi ƙwai, kuma ya san ba za ta sake tashi ba. Ya daɗe a zaune cikin bukka da ita a kan cinyarsa kafin ya tuƙa ya ɗauko agwagwar.

A gida ya ajiye su biyun a gaban Tsuyako, tsuntsu da bindiga. Ta shafa kumburin da yatsa, ta tashi ta ɗora ruwan zafi. Da aka zauna ci kuwa, ba a yi nisa ba aka ji ƙas! Ta dafe baki, ta fito da ƙwayar ƙarfe, ko ƙwarzane babu a jikinta, tare da gutsuren haƙorinta na gefe.

Ta ce, "Wannan kam ya yi kama da mai shi na yanzu. To, kai ka ba da bindiga, ni na ba da haƙori. Sai a ci abinci."

Ta yi dariya har da hawaye, shi kuma hawayen kawai ya yi. Wannan ƙwaya ma ta shiga jakar wuyansa, ta tarar da 'yar'uwarta. Tsuyako ba ta yarda an gyara haƙorin ba har ƙarshen rayuwarta.

Shekarun ƙarshe

Ya yi ritaya a 1998. Lokacin da hukuma ta hana harbi da dalma a ragowar tafkin, shi ne maharba suka riƙa tambaya lambar da za su ɗauka. Tsuyako ta rasu a watan Fabrairu na 2012 bayan gajeriyar jinya, dinyoyinta suna shirin komawa arewa.

Bai fasa shirin Oktoba ba. Yakan yi fenti, ya kafa bukka, ya zaɓi harsashi, sannan ranar buɗewa ya harbi agwagwa ɗaya tak ya naɗe kayansa. Ya dafa ta da kansa, romon kullum gishiri ya yi masa yawa, ya zuba a kwanonta ya ajiye gaban hotonta inda ake kunna turare. Idan ya tauna ƙwaya yakan ce, "Tsuya, taki ce ta ɓata hanya."

A 2016 ganinsa ya yi rauni, ya miƙa bindiga da izininsa ga hukuma. Duk da haka kowane Oktoba sai ya shiga motar haya ya je shagon Hokari, ya sa a sauko masa da kwalaye, ya girgiza harsashi a kunne, ya yanke hukuncin wanda ya dace da bana, sannan a mayar. Hokari bai taɓa tuna masa cewa ba shi da ikon saye ba.

Rasuwa da jana'iza

Ajali ya riski Seiroku Kuwabara ranar sha biyu ga Nuwamba na 2019 a gidansa da ke Ashinuma, yana da shekara tamanin da ɗaya. An ƙona gawarsa bisa al'adar ƙasarsu ranar sha biyar ga wata, ana jiyo ƙarar bindigogin buɗe kaka daga wajen tafki. Kazue ta roƙa aka bar masa jakar a wuyansa.

Da iyali suka kewaye toka suna tsintar ƙasusuwa da dogayen tsinkaye suna sakawa a tulu, sai tsinken Kazue ya taɓa wani abu ƙarami mai tauri. Ƙwayar ƙarfen ce, ta yi baƙi amma tana nan a mulmule. Suka yi ta tona toka suna neman ta dalmar mai shatin haƙori, ba su gan ta ba.

Hokari, wanda ke tsaye a baya da sandarsa, ya ce, "Ku bar nema, 'ya'yana. Dalma ba ta jure wuta. Ta auren ta narke ta bi shi. Wannan ta sulhun ce, ku kai wa uwarku abarta."

Ya rasu ya bar 'ya'ya uku: Masanobu, ma'aikacin jirgin ƙasa a birnin Niigata, Kazue, malamar jinya, wadda ta koma gidan Ashinuma, ita ce kuma ke watsa wa dinyoyi tsaki a yanzu, da Tomoaki, mai sana'ar kafinta a lardin Saitama, sai jikoki biyar. Babu maharbi a cikinsu. An binne tulun a kabarin iyali da ke kan tudun haikalin ƙauyen, mai kallon abin da ya rage na tafkin Karigata, kafaɗa da kafaɗa da na Tsuyako, ƙwayar ƙarfen tana can sama a kan ƙasusuwan, ta ɓangaren da ke kusa da ita.