Mai Labule Ta Ajiye Aiki

Kafin masu shara su gama da barandar asibitin unguwa, ita ta riga ta goge sikelin jarirai, ta jera bencina, ta ja tsohon koren labulen nan a kusurwar ɗakin rigakafi. Aikin da aka ɗauke ta shi ne auna yara da yi musu allura. Amma ba don allura mata suka laƙaba mata Mai Labule ba.

Ta daɗe da gane halinmu. Mace za ta goya ɗa ta ratsa gari saboda ɗan tari, amma ita kanta sai an kwaso ta ranga-ranga. Shi ya sa in Mai Labule ta gama da jariri, ba ta mayar wa uwarsa. Sai ta miƙa shi ga ta kusa a layi, ta ja uwar bayan labule, ta auna mata jini, ta duba nono, ta koya mata yadda za ta riƙa duba kanta, sannan ta faɗa mata ranar gwajin bakin mahaifa.

'Yan rakiya ma ba su tsira ba. Wata dattijuwa mai ɗinki a layinmu ta taɓa rako surukarta da jikanta.

Mai Labule ta ce, "Inna, saura ke."

"Ni? Rakiya na yo, 'yar nan. Rabona da asibiti tun haihuwar uban yaron nan."

"Ashe an daɗe ba a gaisa ba. Taso."

"Sakar min hannu! Lafiyata ƙalau, kada ki tono min abin da ke kwance."

"Keken ɗinkinki fa, Inna, sai ya tsaya cak kike sa masa mai?"

Mai ɗinki ta harare ta, ta shiga tana ƙunƙuni. A nonon hagu aka taɓo ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake, ba zafi ba kumburi.

Sai gida ya ɗau hayaniya. Ƙanwarta ta ce bakin ma'aikaciyar ne ya jawo. Ɗanta ya ce ba za a sa wa uwarsa wuƙa ba alhali tana cin abincinta tana barcinta. Mai Labule ta tashi daga aiki ta bi su har tsakar gida, ta zauna a kan turmi, ta ce ba inda za ta sai an yarda a je babban asibiti. Aka je. Sankara ce, amma ba ta yi nisa ba. Aka cire. Yau ƙarar keken mai ɗinki ke tashin maƙwabta.

Wai wa ya koya mana cewa lafiyayye ba ya zuwa asibiti? Muna ta maimaitawa kamar hadda, ba wadda ta tsaya ta tambaya. Maigida na kai babur wurin bakanike tun bai yi tari ba, amma matar da ta haifa masa gida guda sai ta kasa tashi ake kai ta asibiti. Mu kuma muna kiran wannan haƙuri. Ba haƙuri ba ne, sakaci ne aka yafa wa mayafi.

Ke fa, Mai Labule, me aka saka miki da shi? Ƙorafi, wai kina jinkirta layi. Ranar da kika ajiye aiki aka ba ki agogon bango, washegari aka yaye labulenki aka jibge kwalaye a wurin. Ke ce kika ga uwa a bayan goyo lokacin da kowa ɗan yake kallo. Ke ce kika sha zagi kika ƙi sakin hannu. Mun gode. Allah ya duba ki yadda kika duba mu.

Da labarin kwalayen ya kai wa mai ɗinki, ba ta yi dogon surutu ba. Ta yanko yadi ta ɗinka sabon labule, ta tattaro matan layinmu suka kwashe kwalayen, ta rataya shi da hannunta. Sabuwar ma'aikaciyar ta dube ta ta ce, "Inna, wa kika rako?"

Mata, ku je ku zauna a bencin nan tun kuna da ƙafar zuwa, ku ba da amsar da mai ɗinki ta bayar:

"Ba rakiya na yo ba. Ni na zo."