Shafin Illo: Shekara Shida Babu Sabon Rubutu

Shekara shida ke nan da rasuwar Illo, a damina irin wannan, gero ya fara fid da kai. Ɗan ƙanwar babana ne, wato taubashina, kuma tun muna yara a Madawa har muka yi furfura ba mu taɓa gaisawa babu tsokana ba. Ni koyarwa na yi har na aje aiki, shi ya sa yake ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin makarantar boko a wurinmu, aro daga Faransanci. Shi kuwa malamin gona ne, irin waɗanda ake turawa ƙauye su zauna da manoma. Ya yi Keita, ya yi Deule, ya ƙare a Babankatami. Kowa ya san shi da tsohon motonsa, wato babur, da malafarsa. Kaɗan ne suka san yana rubutu.

Yana da shafi a intanet, irin wanda ake kira bulog, inda mutum ke aje rubutunsa duk mai so ya shiga ya karanta. Abokan aikinsa sun ba shi shawara ya yi da Faransanci, ko manya za su gani. Ya ce abin da aka gaya masa da Hausa, da Hausa zai aje shi. Ya rubuta yadda korama ta cinye rabin gonar wani tsoho a Deule cikin ruwa guda. Ya rubuta sunayen irin geron da kakanninmu ke shukawa, da dalilin da aka bar kowanne. Akwai wani dogon rubutu kan rigimar burtali tsakanin makiyayi da manomi, wadda aka kashe a gindin gawo ba a je gaban hukuma ba. Ba ya gaggawa. Magana guda sai ya koma wurin mai ita sau biyu kafin ya yarda ya rubuta.

A lokacin rezo, wato sabis ɗin waya, a Babankatami sai an yi sa'a. Yakan yi rubutun a gida cikin mako, ranar hutu ya hau moto ya je Buza ya ɗora shi. Yana gamawa sai wayata ta yi ƙara: "Mushe, ka gani?" Ni kuma in karanta tun daga farko har ƙarshe, in nemo abin da za mu yi musu a kai. Ƙarƙashin kowane rubutu akwai wurin da mai karatu ke barin magana. In ka duba yau, sunana za ka yi ta gani, sai ka ce ni kaɗai ke zuwa sallar asuba a masallacin. Shafin yana nuna wa mai shi yawan waɗanda suka shigo, kuma Illo bai taɓa ɓoye mini ba: sau da yawa ba sa cika yatsun hannu biyu. Nakan ce masa yana shuka a idon makwarwa. Yakan ce gara shi, ni ko shukar ban yi ba.

Sau ɗaya ne wasan ya ƙi ci. Ya zo Madawa da la'asar, muna zaune a zaurena ana dafa shayi. Ya ce ya haɗu da wani abokin aiki a tasha, mutumin ya riƙe hannunsa ya ce ya ga rubutun koramar nan, hoton ya yi kyau ƙwarai. Rubutun da ya ci masa makonni. Illo ya tambaye shi ra'ayinsa kan maganar jera duwatsu a bakin gona, sai ya gane mutumin bai wuce hoton ba.

"Mushe, aje wasan taubasai," in ji shi. "Mi amfanin wannan wahala? Waɗanda munka yi dominsu ba su karatu, masu karatun kuma ba su tsayawa."

Na ce ai ni ina karantawa.

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kai dole ce, ba ka da aikin yi."

Daga nan shafin ya yi shiru wata da watanni. Na ɗauka ya daina. Sai wata ranar hutu wayata ta sake ƙara. Da na tambaye shi abin da ya dawo da shi, cewa ya yi tsoffin da ke ba shi labari suna ta ƙarewa, kuma in ya ji magana bai aje ta ba, sai ta tsaya masa a ƙirji kamar tuwon da ba a bi da ruwa ba. Bai ce ya sami amsar tambayarsa ba. Ci gaba kawai ya yi.

Zazzaɓi ne ya kama shi a tsakiyar aikin damina. Aka kawo shi asibiti a Madawa, bai kwana da yawa ba Allah ya karɓi abinsa. Mutuwa rigar kowa. Kalmar da ake buɗe shafin da ita ta tafi da shi. Matarsa ba ta san ta ba, ni ma haka. Shafin yana nan yadda ya bar shi. Ana iya karantawa, ba a iya ƙara ko wasali ɗaya.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Rezo ya kai wuraren da da sai an hau tudu ana ɗaga waya sama. Ruwa ya sauka a Bangi, kafin ƙasa ta tsotse an ji labari a Abijan. Wannan zai yi masa daɗi, na tabbata. Amma yanzu saƙon murya ake yi da gajerun bidiyo, yatsa na ture wannan yana jawo wancan, mutum ya kwana ya tashi da waya a hannu bai karanta layi goma a jere ba. Wataƙila da ya koma ɗaukar muryoyin tsoffi yana turawa. Wataƙila kuma da ya kafe a kan dogon rubutunsa, don taurin kai gadonsu ne. Ban sani ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda zan yi wannan musun da shi. Ranar hutu ta zo ta wuce, wayar tana aljihu. Ƴaƴana na kira su gaishe ni, Allah ya yi musu albarka, amma babu mai ce mini na yi kuskure.

Bara da rani wani baƙo ya yi sallama a ƙofata. Dattijo ne, zai yi kusan sa'ana. Ya ce sunansa Shaibu, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Keita, amma ya daɗe yana kasuwanci a Abijan. Ya je Babankatami neman Illo, aka gaya masa abin da ya faru, aka kwatanta masa gidana. Ya yi mini ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, don a wurinsa jiya aka yi.

"Na ga shiru ya yi yawa," in ji shi. "Na ce halan gajiya ya yi."

Muka zauna. Sai ya shiga kawo mini rubuce-rubucen Illo ɗaya bayan ɗaya, da ka. Ya san sunan tsohon da korama ta ci wa gona. Ya san inda muka yi musu da Illo kan wani irin gero, har ya ce a ganinsa ni ke da gaskiya. Ya ce akwai ƴan ƙasarsu ta Adar da suke haɗuwa a Abijan ranar Lahadi, shi ke karanta musu, su yi ta gardama kamar suna gida. Na tambaye shi don me bai taɓa barin ko gaisuwa a ƙarƙashin rubutun ba. Ya ce bai san ana jira ba.

Sannan ya zo kan abin da ya kawo shi. Illo ya taɓa rubutu kan matan Keita da suka yi aikin gyaran ƙasa shekarun baya, waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a gangaren tudu don tare ruwa. Ya sa hoton wasu tsofaffi daga cikinsu, wata doguwa na tsaye a gaba, ya ce ita ce shugabarsu, sunanta Habsu.

"Innata ce," in ji Shaibu. "Ta rasu ina can, ban samu jana'iza ba. Wannan shi kaɗai ne hotonta da nike da shi. Amma Habsu ƙanwarta ce."

Ya sunkuyar da kai, don ɗa ba ya kiran sunan uwarsa da ƙarfi, ya faɗa mini sunan a hankali. Ya ce ba ya son gyara wa mutum magana a gaban jama'a, musamman wanda ya yi masa irin wannan alheri. Ya bari sai ya zo gida, ya gan shi ido da ido, ya yi godiya tukuna, sannan ya faɗa masa.

Na raka shi maƙabarta muka yi addu'a. Washegari ya hau mota. Ban sake ganinsa ba.

Na daɗe ina juya wannan ziyara. Zan iya cewa ta amsa tambayar da Illo ya yi mini a zaure, amma ba zan yaudari kaina ba: shi bai ji amsar ba. Ya tafi yana ganin ni kaɗai ke karanta shi da gaske, alhali can bakin teku ana zama ana sauraron sa. Sun yi shiru don kunya da rashin sani, shi kuma ya ɗauki shirun rashin kula ne. Da Shaibu ya zo Illo yana da rai, na san abin da zai faru. Da Illo ya hau moto a ranar ya je Buza ya gyara sunan, ya kira ni yana murna, don babu abin da yake nema duk shekarun nan irin mutumin da zai karanta shi har ya kama shi da kuskure.

Abin da ya saura na Illo ba yawa gare shi ba a ido. Gonakin da ya koya wa masu su tare ruwa, ƴaƴansa, da shafin da ba ya motsi. Amma a cikin shafin akwai muryoyin tsoffin da yanzu duk suna ƙasa, da fuskar wata uwa da ɗanta ba shi da wata. Ko wannan ya biya wahalar, Allah ne masani. Ni dai ban ƙara cewa asara ya yi ba.

Na nemi masu sanin na'ura a Madawa su buɗe mini shafin in yi gyaran, sun gwada sun kasa. To, zan yi shi a nan, ko da mutum nawa ne suka kawo wannan layi. Doguwar matar da ke tsaye a gaba, wadda ta ja matan garinsu suka jera duwatsun tudu, sunanta Cima. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan wanda ya tsaya ya saurare ta.